Na Taɓa Kuɗin Ikilisiya, Shin Cetona Ya Tafi?

Baba, gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin firamare ne a nan cikin Katsina, shekaruna 39, kuma ni ne ma'ajin ikilisiyarmu shekara shida ke nan. Bara da damina naƙuda ta zo wa mai ɗakina da gardama, likita ya ce sai an yi mata aiki a daren, ga jini da za a nema. Albashi bai shigo ba, ko kwabo ba ni da shi. Kuɗin da muke tarawa na sayen kwanon rufin majami'a suna hannuna, sai na ɗebi naira 380,000 da niyyar in mayar kafin kowa ya sani. Allah ya tashi kafaɗarta, yaron ma ya rayu. Amma har yau 150,000 kawai na iya mayarwa, su ma a ambulan nake jefawa cikin baiko ba suna. A littafi kuwa na rubuta kuɗin rufi suna nan cif. Ba wanda ya sani, har ita.

Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Ina azumi Laraba da Juma'a, ni ke share majami'a ranar Asabar, na karɓi aji a makarantar Lahadi, ko Allah zai dube ni. Fiye da shekara ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, da an fara rabawa sai in fice kamar zan ƙirga baiko. Yaron yana yawan zazzaɓi, zuciyata tana ce mini hukunci ne. Masu binciken kuɗi daga gunduma za su zo a watan Disamba. Ikilisiyarmu ƙarama ce, in maganar ta fita har abokan aikina Musulmi sai sun ji, ina tsoron ɓata sunan Yesu. Baba, shin cetona ya tafi? In na samu na cike kuɗin a ɓoye, dole ne sai na faɗa? Wani lokaci har tunanin neman canjin wurin aiki nake yi, in bar garin.

Ɗanka cikin Ubangiji, daga Katsina.

Ɗana,

Kafin komai, barka da arziki. Mace ta shiga ɗakin tiyata da tsakar dare ta fito da ranta, ga jariri a hannu, wannan abin a durƙusa a gode wa Allah ne. Na lura a duk tsawon wasiƙarka layi ɗaya ka ba wa wannan godiya, tsoro ya cinye sauran. Don haka zan fara da tambayar da ta hana ka barci, ko da yake ba ita ce za ta fi yi maka nauyi ba.

Ka ce shin cetonka ya tafi. To in tambaye ka, ranar da ka ba da gaskiya ga Yesu, nawa ka biya? Da wane azumi ka saya? Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa a sura 2, aya 8 da 9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa ba daga gare mu ba ne, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Na tabbata ka haddace wannan tun kana yaro, wataƙila ma ka koya wa yaran ajin nan da ka karɓa. Abin da kirkinka bai sayo ba, ba kirkinka ne yake riƙe maka shi ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Sa'ad da ake buga masa ƙusa, daren nan naka na asibiti a fili yake a gabansa, haka ma shafin da ka rubuta ƙarya a kai. Ya san su duka, bai kuma sauko daga gicciyen ba. Shi ne ya ce a Yahaya 10:28 ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Hannun nasa ne yake riƙe, ɗana. Naka ya riga ya nuna maka iyakar ƙarfinsa.

Kada ka ji haka ka zaci ina rage girman abin da ka yi. Zan kira shi da sunansa. Amma in ban fara kafa maka wannan ba, duk shawarar da zan ba ka za ka mayar da ita wani sabon kuɗin fansa.

Mu Hausawa kalmar alheri tana bakinmu kullum, ita ce kuma masu fassara suka ɗauka tun a cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Sai dai rayuwarmu ta koya mana cewa alheri ba ya tafiya shi kaɗai, ramuwa tana biye da shi. Dubi biki. In maƙwabciya ta kawo wa mai ɗakinka turmin atamfa ranar suna, ba a rubuta a takarda ba, amma an rubuta a zuciya. Ranar nata bikin dole a mayar, har da ɗori, in ba haka ba a shiga bakin duniya. Al'ada ce mai kyau, da ita talakawa suke ɗaukar nauyin juna. Amma da wannan zuciyar muke zuwa gaban Allah, muna ganin ai kunya ce a karɓa hannu biyu ba a mayar da komai ba. Azuminka na Laraba da Juma'a, da tsintsiyar Asabar, da ajin yaran nan, duk abubuwa ne masu kyau, amma kai da bakinka ka faɗi dalilinsu, wai ko Allah zai dube ka. Biki kake ƙoƙarin mayar wa Allah. Kana tarawa ne don ka ajiye a gabansa ka ce, ga wannan, a rage mini. Shi ya sa ba ka samun hutu, domin ba ranar da za ka tashi ka ce yau na cike.

Akwai wani abu a al'adarmu da ya fi kusa da matsayin ayyukan mai bi, wato tukuici. Ka lura wa ake ba. Yaron da aka aiko da kwanon tuwo ake miƙa wa, ba wadda ta tuƙa ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa abin da aka danƙa wa yaron shi ne kuɗin tuwon. Murna ce ta fito daga zuciyar wanda aka tuna da shi. Aya ta 10 ta wannan sura ta Afisawa haka ta jera abin: an riga an cece mu, sa'an nan aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Mutum biyu za su iya riƙe tsintsiya iri ɗaya a majami'a ɗaya, ɗaya yana waƙa, ɗaya gabansa yana faɗuwa. Ba kai ne farkon wanda ya gwada wannan hanya ba. Martin Luther a ƙasar Jamus ya yi shekaru a gidan sufaye yana azumi, yana furta zunubansa na tsawon sa'o'i, bai sami salama ba sai da ya fahimci Romawa 1:17, cewa mai adalci ta bangaskiya zai rayu. Daga wannan ne gyaran ikilisiya da ya tashi a 1517 ya samo tushe.

Ka buɗe 2 Sarakuna sura 5, don ina ganinka a wuri biyu a cikinta. Na'aman shugaban sojojin Suriya kuturu ne. Da zai tafi neman magani wurin annabi Elisha ya ɗauko talanti 10 na azurfa (talanti babban ma'aunin nauyi ne), da tsabar zinariya 6,000, da riguna 10. Aka ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, ya fusata, don abin ya yi masa araha. Sai barorinsa suka ce masa, da abu mai wuya annabin ya sa ka, ai da ka yi. Wannan magana taka ce. Da na ce maka ka yi azumin kwana arba'in, da gobe ka fara. Da ya warke ya dawo da dukiyar, Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba. Ya matsa masa, ya ƙi. Dole mutumin nan ya koma ƙasarsa da kayansa a ɗaure, da sanin cewa Allah na Isra'ila ba ya sayar da jinƙansa.

Mu mutanen Katsina wannan labari ba baƙo ba ne a gare mu. Tun shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙe wurin jinyar kutare a Babbar Ruga, wurin da yau ya zama cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari. Ina saurayi na zauna da wasu tsofaffi da suka yi jinya a can. Abin da suka koya mini ban manta ba. Cutar tana kashe jijiyoyin ji ne. Mutum zai taka garwashi, ko ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, ya yini yana tafiya bai sani ba, sai ya ga jini a takalmi. Wata tsohuwa ta nuna mini tabon ƙuna a hannunta, ta ce tukunya ta sauke daga murhu, warin fatarta ne ya gaya mata ta ƙone. A yau cutar tana warkewa da magani, kuma ba la'ana ba ce, wannan ya kamata kowa ya sani. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne zafin nan da kake ji. Da zuciyarka ta mutu, da ka ci kuɗin ka yi barci har da minshari, ka miƙa hannu ka karɓi Jibi ba ko gezau. Rashin barcinka shaida ce jijiyar tana da rai, Ruhu Mai Tsarki bai bar ka ba. Amma zafi aikinsa ya sa a cire ƙayar. Kai kuwa fiye da shekara kana ɗingishi a kanta.

Wuri na biyu shi ne Gehazi, baran Elisha. Ya bi Na'aman a guje ya karɓo talanti biyu da riguna biyu ya ɓoye a gida, ya zo ya tsaya gaban maigidansa kamar ba abin da ya faru. Elisha ya tambaye shi daga ina ya fito. Nan ƙofa ta buɗe masa, da ya faɗi gaskiya. Sai ya ce bai je ko'ina ba. Na san dalilinka ba irin nasa ba ne, shi kwaɗayi ya kai shi, kai kuwa ran matarka kake nema. Da ka buga ƙofar kowane dattijo a daren nan, ina kyautata zaton da zai ce ɗebi ka je, gobe ma yi magana. Amma ba ka buga ba. Ka ɗauki amanar jama'a ba da izininsu ba, wannan cin amana ne ko da niyyar mayarwa. Abin da ya fi wannan nauyi kuma shi ne biron. Hannu ya ɗiba sau ɗaya cikin firgita, biro kuwa yana maimaita ƙarya da rana tsaka duk lokacin da ka karanta rahoton kuɗi a gaban dattawa. A cikin kuɗin nan akwai na gwauruwar da ta sayar da ƙosai ta kawo naira ɗari biyu don kada ruwa ya ci gaba da zuba a kan benci.

To ga amsar tambayarka ta biyu. I, dole ka faɗa, ko da yau wani ya ba ka kuɗin duka. Bashi biyu ka cakuɗa. Na Allah kana fama ka biya, alhali Yesu ya riga ya biya shi da jininsa. Na 'yan'uwanka kuwa, wanda yake wuyanka da gaske, kana so ka lallaɓa ka rufe shi a duhu. Shi kuma ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai gaskiya da kake riƙe musu. Ka ma duba yadda ɓoyon yake ƙara ɗaure ka. Ambulan ɗin da kake jefawa, a matsayin baiko aka rubuta su, wataƙila har an yi addu'ar albarka ga mai bayarwar da ba a sani ba. Ramin asusun rufi yana nan 380,000 yadda ka bar shi, sai dai in ka sake murɗa wani lissafin.

Zan gaya maka abin da na jima ban faɗa ba. A 1984, shekarar fari, muna cikin jihar Kaduna a lokacin don ba a yanke Katsina ba sai 1987, ina mai bishara a wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina. Ikilisiya tana da rumbu inda ake zuba dawar baikon kaka. Ɗan abin da ake ba ni ya yanke wata uku, ga mata da yara biyu. Wata rana da asuba na ɗaga jinkar rumbun na zare dami shida, na ɗora wa jaki na kai kasuwar wani gari inda ba a san ni ba. Na ce wa kaina ai ma'aikaci ya cancanci ladansa. Wata huɗu ina hawa bagadi da wannan a cikina. Na ƙara tsawon wa'azi, na ƙara yawon bishara a ƙafa, kamar dai yadda kake yi yanzu. Ranar da na kasa, na tafi wurin dattijon da yake kula da rumbun, wani tsoho da bai iya karatu ba. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗa masa duka. Bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen tufkar, sa'an nan ya ce, "Malam, tun ranar na sani. Ƙullin da na tarar a jinka ba nawa ba ne." Na ce, Baba, me ya hana ka magana? Ya ce yana roƙon Allah ne in zo da ƙafata, don in ya kamo ni dawa kawai zai samu. Ya kama hannuna muka yi addu'a a nan kan tabarma. Bai rufe maganar ba. Ya kai ni gaban sauran dattawa, aka sauke ni daga wa'azi wata uku, na biya da damina mai zuwa daga gonata. A cikin wata ukun nan matarsa ce take aiko mana da tuwo. Na yi wa'azin alheri kafin wannan rana, amma a zauren nan na san ɗanɗanonsa.

Ka fara da mai ɗakinka, cikin makon nan. Tana kwana kusa da mutumin da ba ya barci, ta san akwai abu, kuma mai yiwuwa tana zargin abin da ya fi wannan muni. Ka kiyaye harshenka kada ta ji kamar ita ce sanadi. Kada ka ce saboda ke na yi. Ka ce mata ba ka yi nadamar neman ranta ba, hanyar da ka bi da ɓoyon da ka yi su ne laifinka, kai kaɗai. Daga nan ka zauna ka rubuta komai a takarda: ranar da ka ɗiba, nawa ne, rasit ɗin asibiti in suna nan, da ranakun da ka jefa kowane ambulan. Ka tafi wurin Fasto da takardar, ka roƙe shi ya kira dattijo ɗaya da kowa ya yarda da shi, don magana irin wannan tana son shaida. Ka tafi da littafin kuɗi da makulli ka ajiye a gabansu, kada ka jira a ce ka kawo. Ko za a lissafa maka 150,000 ɗin nan ko ba za a lissafa ba, su ne masu yankewa, kada ka yi ciniki. Ka faɗi abin da albashinka zai iya ɗauka duk wata, abin da za ka cika ko da kaɗan ne, a rubuta a sa hannu. Ina kuma roƙonka kada ka je wurin masu ba da bashi da ruwa, ko waɗannan na cikin waya, don ka toshe ramin kafin Disamba. Za ka fita daga hannun 'yan'uwa ka faɗa hannun da bai san tausayi ba, ƙaryar kuma tana nan a littafi.

Kada ka bari Disamba ta same ka. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ba ne, a idon mutane da kuma a cikin zuciyarsa shi kansa. Ka tuna Zakka, mutumin nan mai karɓar haraji, a Luka 19. Yesu ya fara shiga gidansa tukuna, mutane suna gunaguni, sa'an nan ya miƙe a gaban jama'a ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wanda ya san an karɓe shi ne yake iya tsayawa ya faɗi irin wannan. Kai ma da wannan ƙarfin za ka shiga ofishin Fasto, cewa mafi munin abin da za su ji game da kai Allah ya riga ya sani, ya kuma ce a 1 Yahaya 1:9 in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu.

Ba zan yi maka alkawarin kowa zai yi irin na tsohon nan ba. Wataƙila a sa ka horo, a zaunar da kai a bencin baya, a karɓe ajin yaran. Kuɗin na jama'a ne, saboda haka suna da hakkin su ji, dattawa ne za su tsara yadda za a sanar. Za a sami masu tsegumi, za a sami wanda zai daina gaishe ka. Ka karɓa, ka riƙa zuwa sujada kowace Lahadi, ka zauna inda aka ce. Game da Jibin Ubangiji, tebur ne na masu zunubi da aka gafarta wa, ba a kafa shi don marasa aibi ba. Amma Yesu ya ce a Matiyu 5 in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka fara zuwa ku shirya. Ka je ku shirya, sa'an nan ka dawo teburin a lokacin da ikilisiya ta buɗe maka, ka ci da godiya.

Batun barin gari kuwa, ka cire shi. Ko Daura ka koma, ko Funtuwa, ko ka tsallaka Maraɗi, da zuciyar nan za ka tafi, ka kuma bar wa matarka da ɗanka sunan wanda ya gudu da kuɗin majami'a. Abokan aikinka Musulmi da kake jin kunya sun san girman amana sarai, sun kuma san bashi hanji ne, yana cikin kowa. In sun ji cewa wani Kirista ya kai kansa ya ce na yi laifi, ya zauna yana biya wata-wata, jama'arsa kuma ba su yar da shi ba, ban ga inda sunan Yesu ya ɓaci a nan ba. Abin da yake ɓata sunan shi ne a bankaɗo mu muna rufa-rufa.

Yaron nan kuma ka sauke masa wannan kaya. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Hukuncin da kake tsoro ya riga ya sauka a kan wani, wato Almasihu, Ishaya 53:5 ta faɗa, kuma Allah ba ya karɓar biya sau biyu. Zazzaɓin da yake yawan dawowa asibiti yake so. A yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani, a duba jininsa har da gwajin sikila, a cika masa rigakafi, ya riƙa kwana cikin gidan sauro.

Ina da magana da fastoci da dattawan da za su karanta wannan, don laifin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. Yaya aka yi naira dubu ɗari uku da tamanin suka fita fiye da shekara ba wanda ya lura? Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi ɗan'uwan da zai yi tafiyar tare da su, don kada kowa ya sami abin zargi, suna neman abin da yake daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. Mu kuwa sai mu ce ai mun yarda da shi, mu bar mutum ɗaya da kwano da littafi da makulli, da talaucinsa. Wannan jefa ɗan'uwa cikin gwaji ne. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko su sa hannu tare, a kai banki washegari, kada kuɗi su fita sai da hannu biyu, a karanta wa jama'a rahoto a kai a kai. A kuma ware wani abu, ko yaya yake, don larurar dare irin wannan. Ya kamata ya dame mu cewa mutum ya yi mana hidima shekara shida, matarsa tana bakin mutuwa, amma ya ga buɗe akwati ya fi masa sauƙi da buga ƙofarmu. In ya zo muku, ku tuna Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da irinsa da tawali'u, kowa yana lura da kansa. Ku sa wa horon ranar ƙarewa, ku riƙa zuwa gidansa a cikinsa. Na ga mutanen da aka manta da su a bencin baya har suka daina zuwa, kuma za a tambaye mu su.

Ɗana, na san akwai tambayar da ba ka rubuta ba, ko za ka sake yin wata hidima a gidan Allah. A 1 Korintiyawa 4:2 an ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi amintacce. Kana ganin wannan aya ta rufe maka ƙofa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, a bakin wuta, har da rantsuwa. A Yahaya 21 Yesu ya hura wata wutar a bakin teku, ya ba shi kifi da gurasa ya ci, sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Mai yiwuwa ba za ka sake riƙe kuɗin ikilisiya ba, ni ma ba zan ba da shawarar a mayar maka da wuri ba, don kare ka da kare su. Amma amincinka bai ƙare ba. Aikin aminci na farko da yake gabanka yanzu shi ne takardar nan da za ka rubuta, kuma ya fi duk Asabar ɗin da ka yi kana shara nauyi.

Wannan Asabar ka bar tsintsiyar, ka kira Fasto tun da safe ka ce kana son ganinsa kafin Lahadi. In ƙafarka ta yi nauyi, ka ce wa mai ɗakinka ta raka ka har bakin ƙofa. Zan riƙa ambatonka a addu'a har ranar, kuma ina so ka sake rubuto mini bayan ka je, ko yaya aka karɓe ka. Ka gaishe ta da jiki, ka shafa mini kan yaron.

Naka,
Baba